Iskar Nan Ta Wa Ce?

Wata shekara da ɗari na shiga mota daga Maraɗi za ni Damagaram. Da asuba muka tashi. Iska tana busowa da ƙura, kowa ya ja tagarsa ya rufe. Mu goma sha tara ne a ciki, ban da buhuna da kaji. Kusa da ni akwai wata mace da jariri a cinya, ina tsammani bai fi wata huɗu ba.

Ba mu yi nisa ba sai wani dattijo mai babbar riga, wanda yake zaune a gaba kusa da direba, ya ciro kwalin sigari ya ƙyasta ashana. Kafin a jima hayaƙi ya cika mota. Jaririn ya soma tari. Uwarsa ta ja bakin mayafinta ta rufe masa fuska, ta sunkuyar da kai. Ba ta ce kome ba. Yaron mota bai ce kome ba. Ni ma ban ce kome ba, har yau kuwa ina jin nauyin wannan shiru. Kafin mu kai Tasawa dattijon ya sha kara uku.

Kada ka zaci mugun mutum ne. Da muka tsaya a Tasawa shi ne ya sayi ƙosai ya rarraba wa yaran da ke cikin motar, ya kuma tambayi matar lafiyar ɗanta. Da wani ya ɗaga hannu zai mari jaririn nan, na tabbata dattijon ne zai fara tashi ya hana. Amma abin da shi kansa ya yi wa huhun yaron, bai gan shi ba, bai kuwa lissafta shi cikin laifi ba.

To, ya mai karatu, ga tambayar da nake so mu auna tare. Daidai ne hukuma ta kafa doka ta ce kada a sha taba a cikin mota, da ofis, da asibiti, da lakwal, da gidan abinci, da dukan inda mutane suke aiki ko suke taruwa ƙarƙashin rufi ɗaya? Ko kuwa shisshigi ne cikin abin da ba ruwanta? Ni dai ina ganin daidai ne. Amma ba na so ka yarda domin na faɗa. Masu ƙin dokar suna da magana, maganarsu kuwa ba ta wofi ba ce.

Akuyarka taka ce

Mai shan taba yakan ce, "Kuɗina ne, bakina ne, ƙirjina ne. Ina ruwan wani?" Akwai gaskiya a ciki. Baligi yana da iko da abubuwa da yawa na ransa waɗanda hukuma ba ta da hurumin shiga. In gwamnati ta fara auna wa kowa goron da zai ci da sukarin da zai zuba a shayi, mun zama bayi ke nan. Wani masani na Ingila, John Stuart Mill, ya rubuta littafi a kan wannan batu a shekara ta 1859. Abin da ya tsaya a kai shi ne, hukuma ba ta da dalilin tilasta wa baligi mai hankali domin amfanin kansa kaɗai. Dalilin da take da shi ɗaya ne, watau ta hana shi cutar waɗansu. Masu son taba sukan ɗauki rabin farko na maganar, su bar rabin ƙarshe a ƙasa.

Manomi bai bukaci littafin Ingila ba kafin ya gane wannan. Akuyarka taka ce. In ka ga dama ka sayar, ko ka yanka, ko ka ba surukinka. Amma in ta shiga gonata da damina ta cinye mini wake, ba za ka tsaya gaban maigari ka ce "akuyata ce" a sallame ka ba. Kowa ya sani taka ce, domin haka ne ma aka kira ka. Shi ya sa ake ɗaure dabbobi da damina, ake kuma jiran ranar da hukuma za ta ce an saki gonaki kafin garke ya shigo. Ba wanda yake cewa an ƙwace wa makiyayi shanunsa. An dai nuna masa inda za su taka da lokacin da za su taka.

Tsohon da yake zuba taba gari da kanwa a bakinsa yana cutar kansa. Likita zai gaya masa haka, 'ya'yansa ma su roƙe shi ya bari. Amma dokar da muke magana a kai ba ta taɓa shi ba, gama abin ya tsaya a bakinsa. Sigari dabam take. Hayaƙi bai san iyakar gona ba. Wanda ya kunna kara a ɗaki rufaffe ya shayar da dukan wanda yake ciki, ko sun so ko sun ƙi. Mutum yana iya ƙin abincin da aka miƙa masa, yana iya ƙin ruwa yini guda. Numfashi fa? Gwada ka riƙe naka, ka ga ko za ka kai minti biyu.

Abin da ke cikin hayaƙin

Da a ce wari ne kawai, da sai mu ce a yi haƙuri, zaman tare ya gaji haka. Amma abin ya wuce wari.

Masana sun ƙidaya abubuwa fiye da 7,000 cikin hayaƙin taba, wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna kawo ciwon daji. Akwai kwalta mai manne wa huhu. Akwai nikotin, wanda yake kama mutum ya hana shi bari. Akwai kuma iskar nan mai guba da gawayi yake fitarwa. Ka taɓa jin labarin waɗanda suka shiga ɗaki da garwashi lokacin ɗari, suka toshe ƙofa, gari ya waye ba su tashi ba? Iskar da ta kashe su tana nan cikin sigari, kaɗan kaɗan. Tana manne wa jini fiye da iska mai kyau sau 200 da wani abu, ta hana shi ɗaukar abin da jiki yake bukata.

Ga wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Hayaƙin sigari iri biyu ne. Akwai wanda mai sha yake zuƙa ta audugar da ke gindin kara. Akwai wanda yake tashi daga bakin wutar sa'ad da karan yake ci a tsakanin yatsu. Na biyun nan bai bi ta auduga ba, waɗansu gubobin ma sun fi yawa a cikinsa. Shi ne kuwa mafi yawan abin da yake yawo a ɗaki.

An daɗe ba a gane wannan ba. Tun shekara ta 1950 likitocin Ingila da na Amurka suka nuna sigari tana kawo ciwon daji na huhu ga mai shanta. Amma na kusa da shi, ba a kula da shi ba sosai, sai da wani likita na Japan, Takeshi Hirayama, ya fitar da bincikensa a shekara ta 1981. Shekara 14 yana bin labarin mata 91,540 waɗanda ba su shan taba. Ya tarar matan da mazansu suke shan kara 20 ko fiye a yini, ciwon daji na huhu ya kashe su wajen ninki biyu na matan da mazansu ba su sha. Ka lura, matan nan ba su taɓa sa kara a baki ba. Zama da miji ne kawai.

Daga baya bincike ya yi ta fitowa daga ƙasashe da yawa, duka bakinsu ɗaya. Wanda ba ya sha, amma yana zaune ko yana aiki tare da mai sha, haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa masa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, na ciwon daji na huhu da kashi 20 zuwa 30. Zuciya ma ba ta jiran shekaru. Cikin rabin sa'a hayaƙin yakan fara taɓa hanyoyin jini, ya sa jinin ya yi saurin daskarewa, wannan kuwa haɗari ne ga wanda zuciyarsa ta riga ta raunana. Ga yara akwai ciwon haƙarƙari, da fuka, da ciwon kunne, da mutuwar jarirai farat ɗaya cikin barci. Mace mai ciki da take shaƙar hayaƙin takan haifi ɗa marar nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa ba masu sha ba ne.

Kamfanonin sigari sun yi ta musun wannan da kuɗi masu yawa. A shekara ta 2006 wata alƙaliyar kotun tarayya a Amurka, Gladys Kessler, ta yanke hukunci cewa manyan kamfanonin sun yi shekaru suna yaudarar jama'a, har da kan cutarwar hayaƙi ga wanda ba ya sha. Saboda haka in ka ji wani yana cewa masana ba su daidaita ba tukuna, ka san inda maganar ta samo asali.

Mai raba abinci ta Kanada

Lissafin miliyoyi ba ya shiga zuciya. Bari in ba ka labarin mutum ɗaya.

A birnin Otawa na ƙasar Kanada an yi wata mace, sunanta Heather Crowe. Ba ta taɓa shan taba ba. Aikinta raba abinci a gidajen abinci, ta yi wajen shekara 40 tana yinsa, cikin ɗakuna cike da hayaƙin baƙi. A shekara ta 2002 aka gane tana da ciwon daji na huhu. Hukumar da take biyan diyyar ma'aikata ta yarda wurin aiki ne ta ɗauko ciwon. Sauran ƙarfin da ya rage mata ta ƙarar da shi tana zagaya ƙasar, tana roƙon masu mulki su tsare ma'aikata irinta. Ta rasu ran 22 ga Mayu 2006. Bayan kwana tara dokar lardinta na Ontariyo ta fara aiki, ta hana shan taba a wuraren aiki rufaffu.

Wani zai ce, ai da ta bar aikin. Mai faɗin haka bai taɓa neman aiki ya rasa ba. Baƙon da ya zo cin abinci sa'a ɗaya yake yi ya tafi. Mai aiki kuwa yana nan daga safe har dare, kwana shida a mako. Ka tuna da ɗanka da ya tafi cin rani Yamai ko Kano, ko 'yarka da take wanke kwanuka a gidan abinci a Tawa. Sun je sayar da ƙarfinsu ne. Ba a yi ciniki da su a kan huhunsu ba. Ba daidai ba ne a ce wa talaka ya zaɓa tsakanin tuwon yau da numfashin tsufansa.

Me ya sa kunya ba ta isa ba

Watakila za ka ce, "To, mun ji. Amma me ya kawo doka? Mu mutanen kunya ne da ladabi. Wanda hayaƙi ya dama sai ya faɗa, mai sha kuwa ya kashe." A nan ne nake so mu daɗe kaɗan, gama a nan ne ainihin maganar take.

Kunya abu ne mai kyau, ita ce take riƙe da gidajenmu. Amma ka duba inda take gangarowa. Ƙarami ne yake jin kunyar babba, mace ta ji kunyar namiji, baƙo ya ji kunyar mai gida, yaron aiki ya ji kunyar mai biyansa. Sa'an nan ka duba wane ne yake kunna sigari, wane ne kuma yake shaƙa. A ƙasarmu maza ne suke sha, mata kaɗan ne ƙwarai. Mai kunnawa sau da yawa shi ne direba, ko shugaban ofis, ko baƙo mai kuɗi, ko dattijo mai babbar riga. Mai shaƙa kuwa shi ne yaron mota, da masinja, da yarinya mai kawo shayi, da mace mai goyo. Ashe kunyar nan da muke dogara gare ta, bakin wanda ake cuta take rufewa.

Matar nan ta cikin mota, yaya za ta yi? Ta ɗaga murya ta ce wa sa'an ubanta ya kashe tabarsa? Da ta yi haka, da rabin motar ya ce ba ta da tarbiyya. Yaron mota fa, wanda abincinsa yake hannun direba, direba kuwa yana hira da dattijon? Ni da nake namiji baligi, ba abin da zan rasa, na yi shiru. In ni na kasa, wa zan zarga?

Doka tana yin magana a madadin mai jin kunya. In akwai allo a jikin mota, yaron mota yana iya rusunawa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ba ni ba ne, doka ce, in jandarma ya gani direba za a ci tara." Bai yi rashin kunya ba. Dattijon ma bai ji an ci mutuncinsa ba, gama ba yaro ne ya umarce shi ba. Kowa ya fita da girmansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai kuma wani aiki da doka take yi wanda mutum ɗaya ba ya iyawa. A ce mai gidan abinci mutumin kirki ne, ya hana shan taba a wurinsa. Masu sha sai su koma na maƙwabcinsa, shi ya yi hasara domin kirkinsa. Kamar mutumin da ya ɗaure akuyarsa shi kaɗai cikin gari, yana sayen harawa, na kowa suna yawo suna ƙiba. Amma in maigari ya sa aka yi shela kowa ya ɗaure rana ɗaya, ba wanda ya ci ribar wani.

Kada kuma a ce mai sha ba ya iya haƙuri. Ka taɓa ganin wanda ya kunna sigari cikin majami'a ran Lahadi, ko cikin masallaci, ko a zauren sarki? Wanda yake shan kwali guda a yini yakan zauna sa'a biyu a waɗannan wurare, hannunsa bai je aljihu ba. Ashe yana iyawa in ya ga girman wurin. Tun muna yara aka koya mana ƙaunar maƙwabci, da cewa Allah ne ya yi kowane mutum. Na kasa gane yadda za mu ga girman ɗakin da muka gina da laka da kwano, mu kasa ganin girman jaririn da yake numfashi kusa da mu.

Inda aka gwada

Ran 29 ga Maris 2004 ƙasar Ayalan ta zama ta farko a duniya da ta hana shan taba a dukan wuraren aiki rufaffu, har da gidajen abinci da mashaya. Mutane da yawa sun ce ba za a bi ba, sun ce ciniki zai mutu. Aka bi, gidajen abinci kuma suna nan. Sikotilan da Yurugwai suka bi sawu a 2006. Faransa ta hana a ofisoshi da makarantu a 2007, ta ƙara da gidajen abinci da na shan kofi a farkon 2008.

A Sikotilan likitoci sun yi abin da ya kamata, sun ƙidaya. A manyan asibitoci tara suka gwada wata goma kafin dokar da wata goma bayanta. Waɗanda aka kwantar domin ciwon zuciya mai tsanani suka ragu da kashi 17 cikin 100. A Ingila, inda ba a kafa dokar ba tukuna, raguwar kashi 4 ce kawai. Wajen kashi biyu cikin uku na raguwar nan kuwa daga waɗanda ba su shan taba ne. Yaran da ake kwantarwa domin fuka su ma suka ragu. An ji tsoro masu sha za su kwashe hayaƙinsu su kai wa 'ya'yansu a gida. Da aka auna 'yan makaranta sai aka tarar abin da suke shaƙa ya ragu.

Maganganun da suka rage

Waɗansu sukan ce a raba ɗaki, masu sha a wannan kusurwa, marasa sha a waccan. Ka taɓa zuba shuni a gefe ɗaya na randa, ka ɗebi farin ruwa a ɗaya gefen? Buɗe taga da kunna fanka suna rage wari, ba su kawar da guba. Masana sun auna, ba su sami wani ɗan kima na hayaƙin da za a ce ba ya cutarwa ba. Mai aiki kuma dole ya shiga kusurwar nan ya kai abinci, ya share toka.

Ga wata maganar da ta fi wannan nauyi, na kuwa ji ta daga bakin wani manomi mai hankali. Ya ce, "Matanmu kullum suna cikin hayaƙin itace a madafa, da goyo a baya. Ku bar wannan ku zo kuna maganar kara ɗaya na sigari?" Gaskiyarsa. Hayaƙin girki yana kashe miliyoyin mutane a duniya kowace shekara, mata da yara ne kuwa a gaba. Ya kamata a yi girki a fili ko a madafa mai taga, a nemi murhu mai rage hayaƙi, a ajiye jariri nesa da wuta. Amma wannan ƙarin dalili ne a gare mu. Huhun da ya riga ya gaji da hayaƙin itace, shi za a ƙara wa kaya? Ban da haka, hayaƙin murhu da tuwo yake zuwa, gida duka ya ci. Hayaƙin sigarin wani, me wanda ya shaƙa ya samu?

Akwai kuma masu cewa doka a ƙasashenmu takarda ce, ko kuwa sabuwar hanyar karɓar na goro a bakin hanya. Ba zan yi musu ba, kowa ya ga irin wannan. Doka marar mai tsaronta takan koya wa mutane raina doka. Amma irin wannan doka ba jandarma ne yake riƙe ta ba. A ƙasashen da ta zauna, mutane ne da kansu suka riƙe ta, mai wuri ya kafa allo, ya ɗauke farantin toka, baƙi suka saba fita waje. Abin da take bukata shi ne mutane su san tana nan, su kuma san dalilinta.

Mai shan taba kuwa, kada mu mai da shi abin ƙyama. Da yawa sun fara tun suna samari, da kara ɗaya da aka saya a teburin bakin hanya, ba su san abin da zai kama su ba. Nikotin igiya ce mai ƙarfi. Na san waɗanda suka yi ƙoƙarin bari sau biyar, sau shida. Dokar ba ta ce masa mugu ba, ba ta ƙwace kwalinsa ba. Taku goma take roƙonsa, daga kujera zuwa waje. An kuma lura, inda aka hana sha a wurin aiki, masu sha sukan rage, waɗansu har su bari ɗungum. Wannan riba ce ta gefe, ba ita ce dalilin dokar ba, amma ba wanda zai ƙi ta.

Tamu dokar, da inda ba ta kai ba

Watakila ba ka sani ba, ƙasarmu ba ta rasa doka a kan wannan ba. A shekara ta 2003 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da taba ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara aiki a watan Fabrairu 2005. Sashe na 8 nata ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin tsare mutane daga hayaƙin taba a wuraren aiki, da motocin haya, da wuraren taruwar jama'a. Nijar ta amince da ita a 2005, ta kuma kafa tata dokar yaƙi da taba ran 15 ga Mayu 2006. Najeriya ta kafa tata a 2015. Saboda haka in ka roƙi mutum ya kashe sigari cikin motar haya ko a ɗakin jiran likita, ba alfarma kake nema ba. Ka yi maganar da taushi, da gaisuwa a gaba, amma ka yi ta. Shisha da samari suke sha a birane ita ma hayaƙin taba ce, har da na gawayi a kai, ruwan da ke cikin tulunta bai wanke gubar ba.

Amma akwai wurin da doka ba ta shiga, bai kuwa kamata ta shiga ba, watau ɗakin kwananka. Ba na so in ga ranar da jandarma zai leƙa bukkar mutum da dare. Matan Japan ɗin nan 91,540 kuwa, a gida ne aka auna su, ba a ofis ba. A can ba allo, ba tara, ba yaron mota da zai ce "doka ce." Matarka ba za ta faɗa ba, ka san dalili. 'Ya'yanka ba su san ma akwai abin faɗa ba.

In kana sha, ba ka kuwa iya bari ba tukuna, ka fita tsakar gida ko gindin dogon yaro, ko da ɗari ne. Kada ka tsaya a bakin ƙofa, gama iska tana mai da hayaƙin ciki. Kada ka ce yara sun yi barci, huhu ba ya barci. Hayaƙin kuma yakan kama tabarma da bargo da gidan sauro, ya zauna kwana da kwanaki bayan warin ya tafi. In baƙo ya zo ya ciro kwali a zaure, kai ne mai gida, kai ne za ka ɗauki tabarma ka ce, "Mu koma inuwa, ta fi iska." In ka gama ka dawo, ka wanke hannu da baki kafin ka ɗauki jariri.